Akwatin Hatimi Mai Kwaɗo Uku

Ku 'ya'yana, na san abin da ake gaya muku a kaina duk lokacin da kuka haɗu da waɗanda suka zauna Guangzhou a zamaninmu. Ana cewa babanku ne ya tuɓe Alhaji Sumaila daga shugabancin jama'a, sannan da ya rasu ya binne shi ba da yardar babban ɗansa ba. Duka biyun sun faru, ban taɓa musawa ba. Abin da ba a gaya muku shi ne yadda na farkon ya jawo na biyun. Tun da ganina ya fara raguwa, gara in rubuta da hannuna kafin wani ya ƙara wa labarin gishiri.

Kafin in tafi Caina malamin Turanci ne ni a wata sakandare a Kano, shi ya sa har gobe ake ce mini Ticha. A can kuwa aikina shi ne 'yan kasuwa su turo oda daga gida, in zaga kasuwannin Liwan in sayo, in loda kwantena in tura musu. Muna zaune a hawa na tara a wani gini bayan titin Huanshi Lu, uwarku Rabi tana tuƙa tuwo, falonmu ya zama wurin cin abincin duk wanda shinkafar 'yan Caina ta ishe shi. Dole in faɗi halina tun da wuri, don shi ne gindin maganar: ni mutum ne mai zargi. Ban san ko haka aka haife ni ba, amma wanda ya shekara goma yana buɗe kwali yana tarar da kayan ƙasa sun bambanta da na sama, ko murmushi aka yi masa sai ya ɗaga ya duba ƙarƙashinsa.

Alhaji Sumaila mutumin zangon Kumasi ne, ya girme ni da kusan shekara goma, kuma ya riga kowa a cikinmu zuwa garin. Wandunan jins yake lodawa daga Xintang. Ƙato ne, mai dariya da dukan jiki, ga Hausar zango wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Duk Juma'a bayan an sauko a gidanmu yake cin abinci, tun daga bakin ƙofa za ka ji shi.

"Ticha, Hajiya ya gama tuwo, ko in koma?"

Uwarku ta yi ta dariya, ta ce ta gaji da gaya masa ita ba namiji ba ce. Ina son mutumin nan, kada ku yi shakka a kan wannan. Shi ya nuna mini hanyar sito, shi ya koya mini gaisuwar 'yan Caina da yadda ake ce musu lawban, wato maigida, kafin a fara ciniki.

A shekarar da nake ba ku labari, wani ɗan kasuwa daga Maradi ya rasu a masaukinsa. A nan muka kunyata kanmu. Ɗan'uwansa a gida ya ce a kawo gawa, abokin kasuwancinsa ya ce a binne shi a maƙabartar Musulmi ta nan garin. 'Yan Nijar suka rubuta wasiƙa zuwa asibitin da gawar take, mu 'yan Najeriya muka rubuta tamu, kowace tana faɗin abin da ɗayar ba ta faɗa ba. Ma'aikatan asibiti suka ajiye takardun biyu suka ce mu je mu daidaita. Kusan sati uku bawan Allah yana kwance a firiji muna gardama. Ranar da aka fito da shi, ni da Sumaila muka yi masa wanka. Da muka gama ya jingina da bango.

"Ticha," ya ce, "in na mutu a garin nan, kada ka bari a yi mini haka. Inda na faɗi, nan ƙasa ya kira ni. A sa ni da wuri."

Na ce masa in Allah ya yarda, kamar yadda kowa ke amsa irin wannan magana, na manta da ita.

Bayan wannan aka yarda a rubuta tsari guda na duk masu jin Hausa a garin, da shugaba ɗaya da hatimi ɗaya. Ku fahimci zancen hatimi. A Caina sa hannu ba ya da nauyi kamar a wurinmu. Jan hatimi shi ne magana, takardar da ba ta da shi ko kallonta ba a yi, kuma wanda yake riƙe da shi shi ne mai ikon. Ba gardama aka zaɓi Sumaila shugaban riƙo, aka ce ya rubuto tsarin da Turanci don a iya juya shi zuwa harshen ƙasar, ni kuma in karanta wa jama'a da Hausa.

Daga nan na fara ganin abubuwa. Kafin a amince da tsari, har ya riga ya sa an sassaƙa hatimi. Na karɓa na jujjuya ina neman sunansa a jiki, ban gani ba, sai na ce a raina mutumin nan ya fi yadda nake zato wayo. A taro duk muna zama a kan kwalaye da aka shimfiɗa a sitonsa, sai ga shi ya fara zama a kujera, wai gwiwa. Samarin Gana suka fara kiransa Sarkin Zango da wasa, shi kuma yana dariya bai hana ba. Na san a Kumasi suna da sarakunan zango da rawani da 'yan rakiya, na ce to, ga abin da ake shirin shigo mana da shi a kwantena.

Sai takardar ta iso hannuna wata Talata da hantsi. Shafi biyu ce, yawancinta zancen jana'iza da ziyarar marasa lafiya. A ƙasan shafi na biyu aka rubuta cewa duk inda aka sami saɓani, hukuncin shugaba shi ne sovereign. Na tsaya a kan kalmar nan. Na san ta, na koyar da ita a aji, amma ban taɓa ganin an manna ta a jikin ɗan kasuwar wando ba. Me ya hana shi ya ce hukuncin shugaba shi ne na ƙarshe, kamar yadda kowa zai rubuta? Na ɗauko tsohon ƙamusuna da na taho da shi daga Kano, na baje shi a kan teburin cin abinci.

Ga abin da na samu, kuma har yau ina riƙe da shi tsaf. Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali. Sun aro ta ne daga tsohon Faransanci shekaru ɗaruruwa da suka wuce, su kuma Faransawa sun gaje ta daga harshen Latin, daga wata 'yar kalma mai nufin sama, ko bisa. Da farko duk wanda yake bisa wasu ana iya kiransa da ita. A hankali ta tattara ta koma kan sarki, wanda shi ne bisa kowa a ƙasarsa. Daga baya ta sauka daga kan sarki ta hau kan ƙasa kanta, aka riƙa cewa ƙasa ta zama haka idan babu wata ƙasa da ke ba ta umarni. Har wani kuɗin zinariya mai kan sarki suka sa wa wannan suna. Duk inda na bi ta, wuri ɗaya take ɓullewa: wanda idan ya yanke magana babu inda za a kai ƙararsa.

Ban tsaya nan ba. Na sauka na tafi shagon Alhaji Isufu, dattijon 'yan Maradi, wanda ya yi karatun Faransanci a makarantar bokon da suke ce wa lakwal. Na rubuta masa kalmar a bayan kwali.

"Mun san ta ga lakwal," ya ce. "Mu ma muna da ita, kusan haka muke hwaɗinta. Ranar da Nasara ya tahi, ita aka ce ƙasarmu ta zama. Wa ya rubuta ta?"

Na gaya masa. Ya ɗaga gira, ya ce babbar kalma ce ga ƙaramar takarda. Abin da nake son ji ke nan, na dawo gida ina ji kamar na kama ɓarawo da kaya a hannu. Uwarku tana yanka kuɓewa na karanta mata duk abin da na tono, har da zancen kuɗin zinariya.

"Ashe sisin gwal ne," ta ce. "To me ya yi zafi?"

Na ce mata ba zancen wasa ba ne, mutum yana neman ya hau kanmu.

"Malam, ka tambayi ƙamus, ka tambayi Alhaji Isufu, yanzu ka zo kana tambayata. Shi wanda ya rubuta fa? Ran Juma'a zai zo cin tuwo. Ka tambaye shi."

Ban tambaye shi ba. Na ce idan na nuna masa na gane, zai sauya kalmar ya bar niyyar. Ranar Juma'a ya zo ya ci tuwonsa ya yi dariyarsa, ni ma na yi, takardar tana aljihuna. Wannan cin tuwon ya fi komai damuna idan na tuna.

Taron ya kasance washegari da la'asar a sitonsa, mutum ya kai sittin a kan kwalaye, fanka tana kaɗa zafi. Na miƙe na karanta tsarin layi-layi da Hausa, ana gyaɗa kai. Da na iso layin ƙarshe sai na ajiye takardar. Ina da hanya biyu. Zan iya cewa maganar shugaba ita ce ta ƙarshe, kuma ban yi ƙarya ba. Sai na zaɓi ɗayar. Na ba su tarihin kalmar tun daga Latin, na bi ta kan sarakuna, na sauko da ita kan Sumaila a kujerarsa. Na ce fassararta ita ce wanda babu kowa a samansa. Sannan na ƙara abin da na san zai gama aikin: na ce ni dai a iya sanina, Ɗaya ne babu kowa a samansa.

Guna-guni ya tashi. Wani ya ce a'uzubillahi. Samarinmu na Kano suka fara cewa ba su baro gida don su zo a naɗa musu sarki ba. Sumaila bai kalli kowa ba sai ni. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya ciro hatimin daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan kwali a gabana.

"Ticha, jiya ina gidanka," ya ce. "Da ka tambaye ni."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ko a lokacin zuciyata cewa ta yi, ka ga, bai musa ba.

Ni na kawo sabon tsari a wurin, kuma na yi alfahari da shi. Aka soke kujerar shugaba. Aka sayo akwatin ƙarfe aka sa masa kwaɗo uku, aka kulle hatimin a ciki. Makulli ɗaya a wurina a madadin 'yan Najeriya, ɗaya a wurin Alhaji Isufu, ɗaya a wurin Baba Musa, wani dattijon 'yan Gana mai lodin tayil. Ba za a buga hatimi ba sai mu ukun mun yarda kuma mun hallara. Akwatin aka ce ya zauna a gidana, a kan kabad. Na ce yanzu babu wanda zai hau kan wani.

Sumaila ya daina zuwa ranar Juma'a. Idan muka haɗu a masallaci yana ba ni hannu, yana tambayar Hajiya da yara, ba ya ƙarawa. Uwarku ta ci gaba da zuba masa tuwo a kula tana aika wa matarsa, Hajiya Fati, ba ta taɓa neman izinina ba, ni ma ban taɓa tankawa ba. Wata bakwai muka yi a haka.

Wata Litinin da azahar wayata ta yi ƙara. Mai masana'antar da ke ɗinka masa wanduna a Xintang ne, ya san ni tun muna zuwa tare. Turancinsa kaɗan ne, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya yi amfani da kalmar da suke faɗa idan kaya sun ƙare a shago.

"Lawban Sumaila, meyo."

Sumaila ya yanke jiki ya faɗi ne yana duba ɗinki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na zauna a kan matakalar wata kasuwa a Liwan na yi kuka mutane suna wucewa, kuma maganar da ya yi mini ranar wankan gawa ta dawo mini kamar yanzu yake faɗinta.

Hajiya Fati ta ce a binne shi a nan, haka ya sha gaya mata. Amma aurensu a masallaci aka ɗaura a Kumasi, ba ta da wata takarda da ofis zai duba ya yarda ita matarsa ce. Babban ɗansa kuwa, daga gida, ya kira ya ce ubansa ba zai kwanta a ƙasar da ba mai ziyartar kabarinsa ba, a sa shi a jirgi. Sauran takardu duk muka haɗa su cikin kwana biyu. Abin da ya rage shi ne wasiƙar jama'a mai faɗin abin da za a yi da gawar, da jan hatimin da asibitin suka riga suka sani. Na kira Alhaji Isufu. Yana Maradi, ya tafi sabunta biza.

"Makulli na nan ga aljihuna," ya ce. "Ticha, ban iya raba ɗa da matar uba daga nesa. Ku jira ni, sati biyu in Allah ya so."

Na tafi wurin Baba Musa. Shi yana bayan ɗan, don tare suka tashi da dangin a zango. Na ce masa Sumaila da bakinsa ya bar mini wasiyya. Ya ce wa ya ji? Na ce ni. Ya dube ni irin kallon da ni na saba yi wa mutane.

"Kai da ka tuɓe shi, yau kai ya bar wa wasiyya? Ticha, kai ka rubuta. Mutum uku, makulli uku. Ban canza ko harafi ba."

Ranar na ɗanɗana abin da na daɗe ina shayar da wasu. Gaskiya nake faɗa, ba ni da shaida, ana kallona ana neman abin da ke ƙarƙashin maganata.

Kwana na huɗu Hajiya Fati tana zaune a falonmu, ta ƙi cin komai. Ta ɗaga kai ta kalli akwatin a kan kabad, sannan ta kalle ni.

"Ticha, wa ke da magana na ƙarshe? Ka nuna mini shi in je in durƙusa masa."

Ni ma na ɗaga kai na kalli akwatin. Na gina tsarin ne don kada a sami irin wannan mutumin, kuma ginin ya yi kyau, bai bar ko tsaga ba.

Washegari da safe uwarku ta kawo mini shayi. A gefen tire ta ajiye akwatin, a kansa kuma ƙarfen da nake ɓamɓare katakon kaya da shi. Ta koma kicin. Na buɗe kwaɗona da makullina. Sauran biyun na sa ƙarfe na ɓalle su. Na rubuta wasiƙar da hannuna cewa jama'a sun yanke a binne Alhaji Sumaila a Guangzhou, alhali jama'a ba su yanke komai ba, ni kaɗai na yanke. Na buga hatimin. Kwana biyu bayan haka muka sallace shi muka kai shi makwancinsa. Baba Musa ya zo jana'iza ya tsaya a sahu na ƙarshe, bai sake yi mini magana ba har na baro ƙasar.

Muna dawowa daga maƙabarta ɗan ya kira. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"An ce kai ka fasa akwati," ya ce. "Wa ya ba ka iko a kan ubana?"

Na ce ba wanda ya ba ni.

"To wa ke samanka a can, in kai ƙara wurinsa?"

Na gaya masa gaskiya, na ce babu kowa.

Bayan ta fita takaba Hajiya Fati ta gaya wa uwarku inda kalmar ta fito. Wai Sumaila ya kira wani ɗan'uwansa mai karatun lauya a Kumasi, ya ce ya ba shi kalma mafi ƙarfi a Turanci, wadda idan aka rubuta ta gawa ba za ta sake kwana tana jiran gardama ba. Shi kansa, in ji ta, bai iya furta ta daidai ba. Kujerar kuma likita ne ya hana shi zaman ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, ko da na ji wannan sai da wani sashe na zuciyata ya ce, ai mace dole ta wanke mijinta. Mai yiwuwa yana son a kira shi Sarkin Zango, mai yiwuwa ba ya so. Ba zan taɓa sani ba, don ranar da yake zaune a falona yana cin tuwo, takardar tana aljihuna, na zaɓi in yi shiru.

Ban yi nadamar fasa akwatin ba, ko yau aka sake zan fasa. Nadamata tana kan kwana bakwai da ya yi a firiji, bayan ya roƙe ni da bakinsa kada in bari, kuma kwaɗon da ya tsare shi ni na sayo. Saboda haka idan Allah ya haɗa ku da ɗansa, ko a Kumasi ko a Makka, ku riga shi sallama. Idan ya ce babanku ya zalunci ubansa, kada ku yi masa musu. Ku dai gaya masa cewa ba ranar jana'izar aka yi zaluncin ba.